Hutun Disamba a gaban injin wanke kwanuka, Manchester

Duk wanda ya shiga Ingila da bizar karatu akwai lambar da yake haddacewa tun kafin ya haddace lambar gidan da yake haya, wato 20. Awa 20 a sati doka ta yarda ka yi aiki muddin makaranta na ci, ka ɗora ko awa ɗaya a kai to da bizarka kake wasa. Amma da zarar makaranta ta bada hutu a hukumance sai a sakar maka mara ka yi cikakken aiki kamar kowa. Shi yasa mu 'yan mastas da muka zo da ɗan guzurin da bai taka kara ya karya ba, Disamba a wajenmu watan farauta ne. Turawan ajinmu tun tsakiyar wata kowa ya ja akwatinsa ya nufi gidan iyayensa, masu hali cikin baƙi sun yanki tikitin Faris da Istanbul, mu kuma muna laburare muna ta buga CV.

A ƙarshen 2024 ne wannan, ina Manchester, ina haya a wani ɗan ɗaki kudu da gari kusa da titin Wilmslow. Mafi ƙarancin albashi a lokacin ga wanda ya kai shekara 21 fam 11.44 ne a awa, kaga idan ka buga da awa 20 fam 228.80 kenan a sati, a ciki za ka biya haya ka hau bas ka ci abinci ka saka kati a waya, ga kuma kashi na biyu na kuɗin makaranta yana jiranka a Janairu ya harɗe hannu. Lissafin ba ya fita ko ta ina ka juya shi, sai da makonnin hutun nan.

Shawarar farko da aka bani wai in samu keke in rinƙa kai wa mutane abinci gida ta manhajar waya. Da na bincika ashe masu wannan aikin a matsayin masu zaman kansu ake ɗaukarsu, bizar ɗalibi kuwa ta hana ka zama mai aikin kanka kwata-kwata, to wannan ƙofa a rufe take. Sai wani ya haɗa ni da mai wani ƙaramin wajen gasa kaza, mutumin ya kalle ni sama da ƙasa yace fam 6 a awa, kuɗi a hannu, ba takarda ba komai, kuma wai taimakona zai yi don ya ga ni ɗan'uwa ne. Nace masa na gode Alhaji zan yi shawara, ban sake bi ta layin ba. Ana yi fa, kar wani ya ce maka ba a yi, kuma waɗanda suke karɓa ba wawaye bane, matsi ne. Amma ranar da ya ƙi biyanka wa za ka kai wa ƙara, da wace shaida.

Inda na samu daga baya wani babban gidan abinci ne a tsakiyar gari, irin mai tebura da farin ƙyalle da kyandir. Su kam komai a rubuce, sai da na basu lambar da ake duba izinin aiki da ita a shafin gwamnati, da takardar makaranta mai nuna ranar da hutu ya fara da ranar da zai ƙare. Ba don suna ƙaunata bane, tun Fabrairun 2024 tarar ɗaukar wanda ba shi da izinin aiki ta kai har fam 45,000 a kan mutum ɗaya a karon farko, kowa tsoron aljihunsa yake. Kwantiragin da na sa wa hannu irin wanda ba a yi maka alkawarin ko awa ɗaya bane, in suna buƙatarka su kira, in ba sa buƙata ka zauna a gida. A Disamba wannan ba matsala bace don har roƙonka ake ka zo.

Muƙamina KP, haka suke kiransa, mai wanke-wanke da shara da ɗauko kaya da fitar da bola da duk wani aikin da ba wanda yake so. A kicin daga ni sai bango. Sama akwai babban shef, ƙarƙashinsa mataimakinsa, sai masu riƙe da sashe-sashe, wannan gashi, wannan miya da romo, wannan kayan zaƙi, sai ƙananan masu koyo, sannan mu. In shef ya yi magana amsa ɗaya ce, ka ce to shef, ko ka gane ko baka gane ba, daga baya ka tambayi na kusa da kai me yace, don turancin mutanen arewacin Ingila in suna sauri suna fushi wallahi ba shi ne wanda muka ci jarrabawa da shi ba.

Wajen aikina wani lungu ne can ƙarshen kicin, kwatami biyu manya, da bututun fesa ruwa mai rataye daga sama, da injin nan da ake ɗaga murfinsa a tura tire cike da faranti a sauke. Cikin minti biyu ya gama, ka ɗaga tururi ya bugi fuskarka, farantan su fito da zafin da sai yatsunka sun saba. Injin ba ya wanke tukunya da ta kama, wannan kai da soson ƙarfe ne. Kuma abin da ban sani ba sai da na shiga, duk kicin ɗin a kan wannan lungun yake tsaye. Kaskon suya ƙanana da shef ke amfani da su ba su da yawa, yana gamawa da ɗaya zai wurgo shi cikin kwatami yana ihun akwai zafi, minti kaɗan kuma yana neman sa a wanke. Ka yi jinkiri abinci ya tsaya, abinci ya tsaya teburi ya fara ƙorafi, manaja ta shigo tana huci, zagin ya gangaro tun daga sama har ya sauka a kan wanda ba shi da na ƙasa da shi.

Wanda ya koya min aikin wani dattijo ne ɗan Eritiriya, ya daɗe a wajen, Baba nake ce masa shi kuma yace min yarona. Ba shi da yawan magana. Shi ya nuna min kada in taɓa jefa wuƙa cikin ruwan kumfa don wani zai zura hannu bai gani ba, kuma in zan wuce bayan mutum ɗauke da abu in yi magana da ƙarfi ya san ina nan. Shi ya koya min katakan yanka da launinsu, ja na ɗanyen nama, shuɗi na ɗanyen kifi, rawaya na dafaffen nama, kore na ganye da 'ya'yan itace, ruwan ƙasa na kayan lambu irin su dankali, fari na burodi da cuku. Ka haɗa su waje ɗaya ka ga tashin hankali. Da farko na ɗauka tsabar iyayi ne irin na Bature, sai da na ga yadda suke ɗaukar maganar abincin da jikin wasu ba ya karɓa. Abubuwa 14 ne doka tace dole a sanar da mai saye in suna cikin abinci, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, riɗi, waken soya da alkama. In tikiti ya shigo da jan rubutu cewa teburi kaza akwai mai matsalar gyaɗa, kasko daban cokali daban, kuma ni ake ce wa in sake wanke su ko da yanzu na fito da su daga inji, don akwai mutanen da ɗan ɓurɓushi kaɗan ya isa ya toshe musu numfashi. Tun daga nan na daina ganin abun wasa ne. Kowane roba a firji da takardar kwanan wata a jikinsa, safe da yamma ana rubuta sanyin firji a littafi, duk saboda wata koriyar takarda da ke manne a ƙofar shiga mai maki daga 0 zuwa 5, jami'an duba tsafta na ƙaramar hukuma ke bayarwa kuma ba sa sallama kafin su zo.

Disamba a gidan abinci a Ingila watan fatin ofisoshi ne. Kowane kamfani sai ya kwashi ma'aikatansa ya kai su cin abincin Kirsimeti, tun watanni kafin nan suke kama wuri, kuma kusan abu ɗaya kowa ke ci, talotalo da gasasshen dankalin turawa da wasu ƙananan kabeji masu ɗaci da romo mai kauri, kowa da hular takarda a kai. Teburin mutum 30 in ya gama cin kashi na farko faranti 30 ne za su faɗo maka lokaci ɗaya, kafin ka numfasa na biyu sun taho. Juma'ar ƙarshe kafin Kirsimeti, 20 ga wata, ita ce uwar su duka, ranar ma'aikata ke tashi daga ofis su bazu cikin gari shaye-shaye. Ban ga komai na wannan shagalin ba sai ta wata 'yar taga a ƙofar kicin, da kuma abin da ya dawo a faranti. Kai jama'a, abincin da na kankare na zuba a bola a watan nan, nama ko taɓa shi ba a yi ba, har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Kuma ba a yarda ka ɗauka ba, abin da ya je teburi ya dawo bola ce makomarsa.

Kasuwannin Kirsimeti na Manchester da mutane ke zuwa kallo daga wasu garuruwa, rumfunan katako da fitilu a Piccadilly Gardens da Exchange Square da St Ann's Square, ta cikinsu nake ratsawa kullum in zan je aiki, da sauri, ina duba agogo. Hoto ɗaya na tsaya na ɗauka na sa a status, nan da nan saƙonni suka fara shigowa, wai mutumina kana shanawa, wai a tuna da mu. Ina karantawa ina sanye da rigar roba jiƙe sharkaf, ƙafata cikin takalmin da ruwan kwatami ya cika. Ban ce wa kowa komai ba, dariya kawai na tura.

Wani abun da ba wanda ya gaya min shi ne gajartar rana. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan 8 na safe, kafin 4 na yamma ta faɗi, kuma ko tana nan ma gajimare ya rufe ta, ga yayyafin Manchester da ba ya gajiya. Azahar sha biyu da 'yan mintuna, kafin ka juya la'asar ta shiga, magariba kafin 4, duka ukun a tsakiyar hidimar abincin rana. Doka ta baka hutun minti 20 in aikinka ya wuce awa 6, to da wani ɗan Sudan da ke sashen gashi muka rinƙa karɓar juna, akwai wani ɗan sarari a sito tsakanin buhunan fulawa da jarkokin mai, mu shimfiɗa kwali. Mataimakin shef ɗan Folan ne, mutum mai zafin rai, amma da ya gane abin da muke yi shi da kansa yake cewa je ka minti biyar zan sa wani ya riƙe maka. Maganar alade kuwa, yana cikin abincin Kirsimeti sosai, akwai wani sosej da suke naɗewa da siririn naman alade, tirensa kuma wajena yake zuwa. Doguwar safar hannu nake sawa har gwiwar hannu in wanke. Kowa da yadda ya warware wannan tsakaninsa da malaminsa, na san waɗanda saboda haka suka gwammace aikin sito ko kula da tsofaffi, ban ga laifinsu ba.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ta kai ni. A ce ka yi awa 45 a sati, a takarda fam 514.80 ne, ka ji daɗi ka fara rabawa a zuciyarka. Sai takardar albashi ta zo. Akwai inshorar ƙasa, kashi 8 cikin 100 na duk abin da ya haura fam 242 a sati, wannan ba makawa. Haraji kuwa a ƙa'ida fam 12,570 na farko a shekara ba a taɓa shi, ɗalibi irina da wuya ya kai nan, amma fom ɗin sabon ma'aikaci da na cike ya kwana a tebur ɗin ofis ba a shigar ba, sai aka sa ni a lambar haraji 0T maimakon 1257L da ya kamata a ba ni, aka yanke kashi 20 cikin 100 tun daga fam na farko. Kuɗin suna dawowa in an gyara, amma mai gidan haya ba ya karɓar za su dawo. Baba ne ya karɓi wayata ya duba yace yarona kalli nan, wannan lambar ba daidai take ba, je ka ofis gobe kafin a fara aiki kada ka bari sai an tashi.

Sai kuma ƙananan ɓeraye da ke cin albashin ba ka gani. Takalmin da ba ya santsi da baƙin wando kai za ka saya. Rosta, wato jadawalin aiki, ta ce ka tashi 11 na dare, amma ba mai fita sai an wanke ƙasa an goge murhu an fitar da bola an zuba ruwan zafi a magudana, sha biyu saura ko ta wuce, kuma sai ka ga a takarda 11 ɗin aka rubuta. Minti 40 yau, rabin awa gobe, in ka tara a wata kuɗin cefanen sati ne. Alhali a doka duk wannan lokacin aiki ne, in an cire shi albashinka ya faɗo ƙasa da mafi ƙaranci to an karya doka, a lokacin hukumar haraji ta HMRC ke bin irin wannan, har sunayen kamfanonin da aka kama gwamnati ke wallafawa. Na fara rubuta lokacin shigata da fitata a waya kullum, ranar da na kai wa manaja ba ta yi musu ba ko kaɗan, tace ayya kuskure ne za a gyara, aka kuma gyara. Abin da ya tsaya min shi ne wasu yara biyu 'yan Indiya da muke aiki tare, ɗalibai kamar ni, sun san ana yi musu haka amma suka ce ba za su yi magana ba kar a daina sa su a rosta. Kuma tsoronsu na da tushe, mai kwantiragin da ba awa ba sai an kore shi ba, shiru kawai za a yi masa.

Tukwicin da masu cin abinci ke bari shi ne ɗan abin daɗin. Daga 1 ga Oktoban 2024 wata sabuwar doka ta fara aiki da ta hana masu gidan abinci riƙe ko kwabo daga ciki, dole a raba wa ma'aikata duka bisa tsarin da ke rubuce. A wajenmu da maki ake rabawa, masu kai abinci teburi su ne da kaso mai tsoka, mu na lungu ɗan abin da ya samu. Amma dokar ta basu har ƙarshen watan da ke biye su biya, don haka na Disamba sai ƙarshen Janairu muka gan shi.

Ranar Kirsimeti ta faɗo Laraba. Ranar ce na gane su waye ke riƙe da garin. Tun sati biyu kafin nan manaja ke zagayawa da takarda tana tambayar wa zai iya zuwa, tana zuwa kaina ko tambaya ba ta yi sosai ba, tace kai ai ba ka bikin ko, kuma iyalinka ba sa nan. Gaskiya ta faɗa, ban ji haushi ba, ni ma kuɗin nake so don sun ce za su biya ɗaya da rabi, wanda ma ganin damarsu ne, doka ba ta tilasta ƙarin kuɗi a ranar ba. A ranar babu jirgin ƙasa a ƙasar, taragon cikin gari ma ba ya aiki, bas ɗin da nake bi babu, manyan kantuna doka ce ta ce su rufe, tasi kuwa kuɗin da manhaja ta nuna min ya kusa cinye awa biyu na aikina. Sai na taka da ƙafa, kusan awa ɗaya, na bi titin Oxford da kullum bas ke bin bas a kansa, ranar har tsakiyar kwalta na hau ba mota. Waɗanda na haɗu da su a hanya duk irina ne, wata mata baƙar fata da kayan ma'aikatan jinya a ƙarƙashin jaket, masu gadi, wani mai shagon kwana ɗan Pakistan yana ɗaga ƙofa. Muna haɗa ido kowa ya ɗan gyaɗa kai.

A kicin ma haka, in ka cire babban shef babu ɗan ƙasa ko ɗaya. Eritiriya, Sudan, Indiya, Folan, wata 'yar Romaniya mai kayan zaƙi da ta bar yaranta wajen maƙwabciya. A waje iyalai ne cike, kakanni da jikoki, kowane kai an biya masa kuɗin da ya fi abin da zan samu a yinin gaba ɗaya. Da aka sallami teburin ƙarshe wajen 6 shef ya yi abin da ban zata ba, ya sa aka haɗa tebura a cikin zauren da ba a taɓa barinmu mu zauna ba, ya dafa mana kifi da shinkafa daban saboda mu da ba ma cin wancan, ya zuba da hannunsa. Mutumin da ya yini yana zaginmu. Har aka ɗora wa Baba hular takarda ya zauna da ita fuska a murtuke kamar an masa dole. Ina cikin ci Umma ta kira ta bidiyo, ta ga fitilu da farin ƙyalle a bayana tace a'a lallai yau ana hutawa, nace eh Umma ana ta hutawa, tace to Allah ya yi albarka a rinƙa sa rigar sanyi. Na ɓoye hannuna ƙarƙashin tebur don duk ya tsattsage saboda sabulu da ruwan zafi, in ta gani ba za ta yi barci ba.

Washegari 26 ga wata ranar ƙwallo ce, Man City ta yi 1-1 da Everton a Etihad, Pickford ya tare fenaretin Haaland, magoya baya suka cika mana wuri da yamma rai a ɓace, ɗan Sudan ɗin nan kuwa ɗan United ne yana ta murna a bakin murhu, kafin dare Wolves ta ci su 2-0 ya yi tsit. Daren sabuwar shekara mun kai kusan 2 muna goge-goge, ihun ƙirgen sha biyu ta bango na ji shi hannuna cikin tukunya. Ruwan da aka kwana ana yi a daren ya sa kogin Mersey ya cika ya batse, washegari aka rinƙa kwashe mutane daga gidajensu a Didsbury da Stockport, ni dai na isa ɗaki a jiƙe kamar an tsamo ni na faɗi ban ko cire safa ba.

Janairu na kamawa gari ya mutu. Kowa ya kashe kuɗinsa, wasu sun ɗau alwashin daina shan giya na wata guda, wasu na rage ƙiba, zauren da ake rigimar kujera ya koma teburi uku huɗu. Makaranta ta koma na dawo ƙarƙashin awa 20, amma ko 20 ɗin ma babu, rostar da aka turo a WhatsApp sunana sau ɗaya ya fito, Asabar da dare. Yaran nan 'yan Indiya da suka yi shiru don kar a cire su, su ko sau ɗaya ba a sa su ba. Kuɗin harajin da aka yanke ya dawo a albashin ƙarshen wata tare da tukwicin Disamba da kuɗin hutun da ke taruwa, kashi 12.07 cikin 100 na awannin da ka yi, na haɗa duka da abin da na tara na tura wa makaranta, abin da ya rage a asusun bai kai in sake sayen takalmin aiki ba, don wancan tuni gindinsa ya buɗe. Baba yace in sa masa gam in lallaɓa shi zuwa hutun Ista, lokacin za su sake nemana.